Ruwan Shuka Ya Riske Ni a Gabon

Salamu alaikum mutanen wanga zaure. Na daɗe ina karanta labaran da 'yammata ke zubawa a nan, na samari masu dogon hanci da farar mota, kowa na kuka a kan katifa. To yau ku matsa, ƙato ya zo da nashi. Wadda ta san ba ta iya karanta soyayyar mai furfura a gemu ta wuce abinta, ba dole.

Sunana Abubakar Sadiƙ, amma ko tsohuwata Dogo take ce mini har ta bar duniya. Haifaffen Kucheri ne ni, ƙasar Tsafe. Sana'ata kilishi. In ka taɓa sauka tashar mota a Gusau ka ga wani baƙi zanƙalele yana faɗa da direba don ya tayar mishi da ƙura a nama, ni ne. Na taɓa aure. Matar ta ce za ta iya jure hayaƙi amma ba ta iya jure bakina. Ban ga laifinta ba, har yau muna gaisawa.

Kilishi ba ya yiwuwa sai da tunkuza, wato gyaɗar da anka matse manta. Da ita ake dama labu, kunun yajin da ake tsoma naman a ciki. Yayata Maijidda, wadda ke aure a Bungudu, ita ta haɗa ni da wata maƙwabciyarta mai matsar mai, Shafa'atu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, ta dawo gidan yayanta Malam Yusha'u. Kada ku fara zana wata fara mai gashi har gadon baya. Gajera ce, baƙa, mai wushirya, hannunta kamar na maƙeri saboda murzar gyaɗa. Hijabinta ruwan toka ne, kullum da ɗigon mai a gefen dama inda take goge yatsu. Tana da 'yar gona ta gado a bakin gari, gyaɗar da ke fitowa cikinta ita take matsa ta ci da kanta da yaranta.

Shekaru ina zuwa karɓar tunkuza, hirarmu ba ta wuce haka:

"Shafa'atu, ta wanga makon ta yi ruwa."

"Idonka ne ya yi ruwa. In ba ka so aje mini abuna."

Ran nan tana ɗaure mini leda a soro na ce, "Ni fa aurenki nake so."

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Sai yau ka lura?"

"Tun bara na lura."

"To ka yi ƙoƙari. Je ka ga Yaya Yusha'u."

Soyayyarmu ke nan. Wanda ke jiran fure da kati sai ya nemi wani labarin.

Malam Yusha'u mutum ne siriri mai farar jamfa da carbi, irin waɗanda in za su ƙi ka sai sun fara yi maka addu'a. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa anka kawo fura, sannan ya ce, "Dogo, ban raina sana'arka ba. Amma ina za ka aje ta? A ɗakin hayar nan na bayan tasha, inda kake kwana da tire da wuƙaƙe? Da yara biyu?" Ya ja carbi. "Kuma ban ɓoye maka, Alhaji Mahadi mai shagon taki ya aiko. Ban ba shi amsa ba."

Na san Mahadi. Gidanshi a Gusau har tayil gare shi a tsakar gida. Kuma mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

A lokacin akwai wani Alhaji Muhammad Sani, mutumin 'Yandoto, mai gidan abinci a Libarbil, babban birnin Gabon. Ya zo ganin gida ya ci kilishina, ya ce in bi shi, can babu mai yi. Da na ƙi. Amma zaune kan buzun nan sai bakina ya riga hankalina.

"Malam, cin rani zan tafi Gabon. Ruwan shuka zai same ni a ƙofar gidan nan da abin kama gida. In ya sauka ban zo ba, ka ba Mahadi amsa."

Daga bayan ƙyaure sai ga muryar Shafa'atu: "Na ji, kuma na yarda."

Ku lura, ba wanda ya nemi in yi wanga alkawari. Kuma ban ga abin tsoro cikinshi ba. Kakana ya ci rani, ubana ya ci rani. Ana gama kaka ka ɗauki jaka, in ka ga gabas ta fara haɗa rai ka dawo. Ban tambayi kowa ko akwai rani a Gabon ba. Wa ke tambayar haka? Kamar ka tambaya ko suna da Talata.

Anka yi mini fasfo da biza, bayan an kai amfanin gona gida munka tashi. Na sa shaddata ruwan ƙasa 'yar ciki da babbar riga, na kafa hula, don kada mutanen ƙasar su ɗauka yunwa ta koro ni. Ana buɗe ƙofar jirgi na ji kamar an buɗe mini madambaci a fuska. Ga ruwa yana zuba kamar an yanke igiyar sama. Kafin mu kai mota babbar rigar ta manne mini kamar fatar kwaɗo.

Na ce, "Alhaji, wanga ruwan bankwana ne ko?"

Ya yi dariya har da buga sitiyari. "Bankwanan mi? Yanzu anka fara."

"To yaushe raninku?"

"Sai can wajen watan shida."

Na ce to, a raina na ce wasa yake.

Ɗakin da anka kama mini yana kan wani tudu, bangon katako, rufin kwano. Mai gidan wata ƙatuwar mata ce da kowa ke ce wa Madam, kullum da gajeren wando tana shan taba a baranda. Ranar farko na gaishe ta na sunkuyar da kai, ta miƙo mini hannu, na rasa inda zan sa kaina, na miƙa mata leda. A ɗakin nan na ga abubuwan da in wani ya ba ni labari sai in ce ƙarya yake. Gishiri ya zama ruwa cikin gwangwani. Ashana sai ka ƙyasta rabin kwali kafin ɗaya ta kama. Takalmin fatana na sallah da na tura ƙarƙashin gado, da na jawo shi ran Juma'a ya yi kore shar. In ka wanke riga ranar Asabar, ranar Laraba tana nan tana kallon ka a jiƙe. Abinci kuwa rogo ne da anka kirɓa anka naɗe a ganye, mai tsami, da kifi. Safe kifi, rana kifi. Tuwon dawa da miyar kuka sai a mafarki, shi ma kafin in kai loma sauro ya tashe ni.

Ran da Alhaji ya kai ni bakin teku na tsaya na daɗe. Ya ce, "Ka ga ikon Allah ko?" Na ce, "Na gani. Duk wanga ruwa, ba mai lambun tumatir ko ɗaya a bakinshi." Ya ce na gishiri ne. Na ce ashe shi ma ba shi da amfani.

Sai aiki. Naman nasu a kwali yake zuwa, ƙanƙararre kamar bulo. Ban damu ba, wuƙata na tare da ni. Na fere shi falle-falle har kana hango rana ta ciki, na shimfiɗa a kan tebur bayan gidan abincin. Kilishi rana yake so, mai zafi, da busasshiyar iska. A Gusau in ka shanya da hantsi, kafin la'asar yana ƙara kamar takarda. A nan rana ta leƙo, na juya in wanke hannu, sai ruwa. Na kwashe da gudu. Ta sake leƙowa, na mayar, sai ruwa. Haka munka wuni ni da sama kamar masu wasan ɓuya. Na kai shi ɗaki na kunna mishi fanka. Da na duba bayan kwana biyu, naman ya tsiro gashi, fari da kore. Madam ta zo tana toshe hanci tana zuba Faransanci, ban ji ko ɗaya ba amma na gane ba addu'a take yi mini ba.

Na sake gwadawa, na sake, kwali bayan kwali yana tafiya bola. Ƙarshe Alhaji ya ce in bar ɓarna haka, ya sa ni ɓare ayaba da yanka albasa a kicin. Ni Dogo, da direbobin Legas ke tsayawa takanas saboda ni.

Ban ɓoye wa Shafa'atu ba, ni ban iya ƙarya a waya ba. Saƙon murya muke yi, don ita sai ta gama tuya take duba waya. Na faɗa mata komi. Nata ya shigo, rabinshi dariya ce.

"Gashi? Nama ya yi gashi? To ka kai shi wanzami mana. Kai Dogo! Ka ce cin rani za ka, ashe tsakiyar damina ka faɗa. Ka dai ci abinci, na ga hoton da ka turo wuyanka ya ƙara tsawo. Kuma wagga hular ka daina sa ta, ta lanƙwashe kamar kunnen akuya."

Na saurare shi har wayar ta yi zafi. Kada wata ta tambaye ni sau nawa.

Abin da ya cece ni wani mai gidan burodi ne kusa da masallacinmu, mutumin Mali, Sidibe. Wata safiya ruwa ya kama ni na raɓe a rumfarshi, na jingina da bangon tanda. Sun gama fidda burodi, wuta ta mutu, amma bangon na nan da zafi. Kafin ruwan ya tsaya bayan rigata ya bushe ƙayau. Na sa hannu cikin bakin tandar. Jama'a, iskar Gusau ce a ciki, ta watan bazara. Na kusa yin kuka.

Ba na jin yarenshi, ba ya jin nawa. Na nuna tanda, na nuna nama, na nuna aljihu. Ya ce bismilla. Na farko ya ƙone. Na biyu ya fito kamar takalmin Fulani, Sidibe ya tauna ya tauna ya tofar da ladabi. Sai da na gane lokacin da zafin ke sauka daidai, da yadda za a bar ƙofar a ɗan buɗe. Shafa'atu ta aiko mini da tunkuza ta hannun wani mai zuwa, ta sha hanya amma ƙamshinta na nan. Ran da na fidda na kirki na kai wa Alhaji, ya gutsura, ya rufe ido, ya ce, "Dogo, aje wuƙar albasar nan."

Daga nan kasuwa ta buɗe. Hausawan Nijar, na Kamaru, 'yan Mali, har mutanen ƙasar masu kwat da taye suna layi, suna ci suna hawayen yaji suna cewa a ƙara. Sai lokacin Alhaji ya shigar mini da takardun katin zama, don da can bai ga amfanin kashe kuɗi kan mai ɓare ayaba ba. Ya ja mini kunne: "Kada ka kuskura ka bar ƙasar kafin ya fito. In ka fita ya mutu, kuma ba lallai ka sake samun shigowa ba."

Yanzu bari in faɗi abin da wasunku za su zage ni a kai. Na fara jin daɗin ƙasar. Na sayi lema da takalmin roba. Na koma ɗaki mai siminti da taga biyu, na sa labule, na sayi katifa sabuwa a ledarta, ina kallon kusurwar da za a aje gadon yara. Rogon nan mai tsami na wayi gari ina neman shi da kaina. Na iya gaisuwarsu ta Faransanci, su bonju da sa ba, na iya faɗa da mai tasi da 'yan kalmomin da ba su cika hannu biyu ba, sauran in cike da Hausa, kuma ina cin nasara. Madam in ta gan ni a hanya sai ta ƙwala "Dogo!" ta kawo mini abarba. Abin da ya fi komi, ina kwantawa in yi barci ban kasa kunne ko ƙarar babura ce ke tahowa daga daji ba. Wanda ya fito ƙasarmu ya san abin da nake nufi.

Kuma a nan na yi wautar. A gida ba na duba kalanda, sama ke faɗa mini lokaci. Zafi ya tsananta, gawo ya fara zubar da ganye, shamuwa ta sauka kan kuka, ka san shuka ta matso. A Gabon kuwa sai ruwan ya fara ja da baya, gari ya yi sanyi-sanyi, mutane na cewa rani ya kusa. Jikina ya ce mini kaka ce ta shigo, akwai sauran lokaci mai yawa. Kaina ya san watan da ake ciki, amma ni tun ina yaro jikina nake bi.

Wata safiya ina jera nama a tire sai ga saƙon Shafa'atu. Na kara a kunne. Ba magana, sai wani shaaa kamar rediyo ta ɓata tasha. Na ce wayar ta lalace. Na sake kunnawa. Sai na ji tsawa can nesa, da akuya tana kuka, da ƙarar ruwa a kan kwano. Na ɗaga kai na dubi rufin Sidibe, a bushe yake. A ƙarshen saƙon muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ka ji?"

Na zauna kan buhun fulawa.

Na kira ta ba ta ɗauka ba. Sai da azahar Yaya Maijidda ta kira ni, tana magana tana haki don daɗin labari.

"Kai Dogo, yau an yi abu a unguwarmu! Ka san tun da sassafe Malam Yusha'u ya fiddo sungumin shuka, ya ce alhamdu lillahi ruwan shuka ya sauka, mutumin Gabon bai zo ba. Sai Shafa'atu ta zura hijabi ta ɗauki fartanya ta yi gona."

Ga waɗanda ba su taɓa noma ba: ba kowane ruwa ake shuka da shi ba. Sai an tona ƙasa an ga danshi ya nutsa sosai. In sama-sama ya tsaya, iri zai ƙone, ba a kiran shi ruwan shuka.

"Maza na tsaye suna kallo," in ji Maijidda, "ta wuce tsakiyar gonar, ta tafi can gindin tsamiya inda ko ambaliya anka yi ba ya jiƙewa, ta tona, ta ƙunso busasshiyar ƙasa a bakin hijabi, ta zo ta zube wa Malam a kan buzu. Ta ce, Yaya, wanga ne ruwan shukar? Ya ce, Shafa'atu, a gindin tsamiya kinka tona. Ta ce, gindin tsamiyar ba cikin gonata yake ba? Ni a gonata yayyafi anka yi."

Na yi dariya har Sidibe ya leƙo. Na ce wagga mata ta saya mini lokaci. Na ruga wurin Alhaji na tambayi kati, ya ce wata ɗaya, ko biyu, sai yadda ta yiwu. Na kira Malam Yusha'u na ce in wakilta wani a ɗaura auren, in kati ya fito in zo in ɗauke ta.

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Dogo." Na san an gama da ni. "Da ƙafarka ka zo ka yi alkawari, da ƙafarka za ka zo ka cika shi. Ba ni aurar da ƙanwata ga wayar salula."

Na faɗa wa Shafa'atu ta ƙara haƙuri. Ta ce, "Ba komi. Ka gama abin da ya kai ka." Kullum haka. In na ce ƙaƙa gida, ta ce lafiya lau. In na ce an ƙara ruwa, ta ce ɗan yayyafi. Ni kuma na miƙe ƙafa ina ta fidda kilishi, ina auna labulen ɗaki na biyu.

Makonni sunka wuce. Shekaranjiya da hantsi sai ga hoto daga Maijidda, da saƙon murya mai tsawo. Na fara buɗe hoton. Gonakin bakin Bungudu ne, ko'ina kore, dawa ta kai gwiwa, gero ya rufe ƙasa. A tsakiya ga wani fili ja fayau, kamar sanƙo a kan mai suma. A gefenshi ga tsamiya.

Na kunna saƙon.

"Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. To zan yi azumin kaffara, amma sai ka ji, ɗan banza mai dogon wuya. Tun ranar nan Malam Yusha'u ya ce mata, tunda a gonarki yayyafi anka yi, to shi ke nan. Ranar da kinka sa iri a ƙasa kin yarda ruwan shuka ya sauka, ranar zan aika wa Mahadi. Shi ne ta ƙi shukawa. Kowa ya shuka, an yi noman farko, tata na nan. In ta shiga gidan suna mata sai su ce, Shafa'atu, an yi ruwa wajenku kuwa? Ta ce ɗan yayyafi. Su kwashe da dariya. Wagga gyaɗa ita ce cinta, ita ce makarantar yaranta. Ka san dai lokacin shukar gyaɗa ya kusa fita, in ya fita sai baɗi. Kai kana can kana cin abarba!"

Na mayar da hoton na ƙara girmanshi da yatsa. Ba komi a filin sai ciyawa tsilli-tsilli da sawun awaki. Ni ɗan manomi ne. Na san yadda ake ji in ka wuce gonar mutum a damina ka gan ta haka, ko dai ya mutu ko yana kurkuku.

Naman da ke cikin tanda ban ma fidda shi ba. Na sami Alhaji Muhammad Sani a bayan kanta yana shan shayi.

"Alhaji, ba ni fasfona."

"Za ka kai wani ofis ne?"

"Bungudu za ni."

Ya aje kofin. Na ba shi labari a tsaye. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Dogo, zauna. Kai yaro ne? Gonar da ba ta kai filin ƙwallo ba? Buhu nawa take samu? Ni zan sa a saya a Gusau a kai mata har gida, ta matsa ta more. Kai ka tsaya katinka ya fito. Ka san mutum nawa ke kwana a masallaci suna roƙon abin da kake shirin zubarwa?"

Maganarshi gaskiya ce, ban musa ba. Na tuna ɗakina mai taga biyu. Na tuna tashar Gusau da ƙurarta, da yadda kasuwar ta mutu tun da mutane sunka rage bin hanya. In na koma, can zan koma.

Na ce, "Alhaji, in ka aika mata gyaɗa, gonar za ta yi kore?"

"A'a, amma..."

"Mata za su daina tambayarta ko an yi ruwa?"

Ban jira amsarshi ba, na ƙara:

"Alhaji, tsakaninka da Allah, an taɓa samun macen da ta tsaya gaban gari guda ta ƙaryata sama saboda kai?"

Ya kurɓi shayinshi. Can ya ce, "Tawa ko cewa na yi ana ruwa sai ta leƙa taga." Ya jawo durowa ya fiddo fasfon ya dangwara a kan kanta. "Katin ya mutu fa."

"Allah ya jiƙan shi."

"Taurin kai zai kashe ka."

"An daɗe ana faɗa mini."

Abin da na tara na kama gida ne, ban taɓa shi don jirgi ba. Ta ƙasa zan bi, in ratsa Kamaru in ɓullo Yola. Katifar na bar wa Sidibe, ya rungume ni yana ta magana, na ce amin ga duk abin da ya faɗa. Madam ta cusa mini rogon nan cikin jaka, ban hana ta ba.

Yau da safe na sa shaddar da na zo da ita, duk da tana warin ɗaki. Ina zaune a motar da za ta kai mu iyaka, gwiwoyina sun tokare kujerar gaba, wata mata ta ɗora mini kwandon kifi a cinya ba ko sallama. Ana jiran mutum biyu mota ta cika na kira Shafa'atu. Ta ɗauka, ina jin mai yana tafasa a kasko.

"Lafiya da kira da safiyar nan? Naman ya ƙone?"

"Ki ɓare gyaɗar iri."

Sai ƙarar man kawai.

"Maijidda ce ko? Wallahi bakin matar nan ko ƙulle shi anka yi da kwaɗo..."

"Na ce ki ɓare iri. Ina cikin mota."

"Wace mota?"

"Ta gida."

"Katin fa?"

"Ya mutu."

Na ji ta sauke kaskon. Na ji ta kori wani yaro. Da ta dawo muryarta ta canza, kamar mai mura.

"Kai wane irin mutum ne, Dogo? Wata da watanni kana shan ruwa kamar kwaɗo, sai da abu ya nuna za ka taso? Wa ya aike ka? Na ce maka ba komi."

"Kin ce."

"To da ka zauna."

"In sauka ke nan? Motar ba ta tashi ba."

"Ka sauka ka gani!"

Matar mai kifi ta juyo tana kallona, don dariyar da na yi ta girgiza kwandonta.

Shafa'atu ta ja hanci. "Iri kuwa tun ranar ruwan farko na ɓare shi, yana cikin tukunya ƙarƙashin gado. Ka tsaya Gusau ka sayo sungumi, Yaya Yusha'u ba zai ara maka nashi ba. Kuma ka ce wa direban ya taka. Jiya da la'asar anka yi wani ruwa da ya kada katangar maƙwabta, ya tafi da akuyar liman. Duk Bungudu ni kaɗai na ce yayyafi ne. Dogo, bakina ya fara gajiya."